Layin Idalina

Takardar kuɗin waya ta iso ran Talata,
gefenta a jiƙe, don akwatin wasiƙunmu na yoyo.
Baba ya danne ta da kwalbar man zaitun
har na taso daga kamfanin kifin gwangwani,
hannu na ƙarni, ƙafa na zogi.

"Graciete, duba min.
Ko idona ko lissafinsu, ɗaya dai ya lalace."

Yuro arba'in da ɗaya.
Layin mahaifiyata ne, Idalina.
Wata goma sha huɗu da muka kai ta makwancinta
a tudun da ke jin kukan jiragen Matosinhos,
amma Baba ya hana a yanke layin.
Yuro bakwai yake biya duk wata
don in dare ya ƙi ƙarewa ya kira lambar,
ya ji ta ce ba ta kusa, a bar saƙo.

To talatin da huɗun fa?

Na bi shafin da yatsa.
Wata 'yar lamba mai ƙwaya biyar, ƙarama kamar ƙuma,
ta ciji biyu, ta huta, ta ciji biyu,
sau goma sha bakwai,
ba wanda ya ji ƙaiƙayi.

Wayar na nan a aljihun rigar girkinta,
rataye bayan ƙofa.
Na buɗe.
"Taurarinki na yau: kuɗi na tafe gare ki."
"Ki kula da lafiyarki a wannan makon."
"Wani tsohon masoyi yana tunaninki."
Na yi dariya, irin mai ƙarewa da tari.

Na kira kamfani. Suka sa min kiɗa
har miyar kabeji ta huce a tukunya.
Can wani yaro, Telmo, mai ladabi kamar an goge shi,
ya ce ba su ba ne, wasu ne daban,
su nasu karɓa kawai.
Kura da shan bugu, na ce a raina, gardi da kwasar kuɗi.
Ya ce ai mai layin ce ta amince,
tara ga Maris, uku da kwata na dare.
Na ce mai layin a ranar ta shekara a ƙasa.
Ya yi shiru.
Ya karanto min ta'aziyya daga allon gabansa,
ya ce za a duba, wataƙila rabi,
cikin kwana sittin.

Da na ajiye, Baba na kallon farcensa,
babban yatsan nan da igiyar taru ta mayar kamar guntun itace.
"Uku da kwata," ya ce. "Ni ne.
Hotunan bikin São João nake nema,
wani abu mai walƙiya ya faɗo kan fuskarta,
na sa yatsa in ture shi.
Ba a tambaye ni komai ba."

"Kuma ka ga saƙonnin suna shigowa?"

"Ina jin su. Rigar takan motsa da safe."
Ya gyara zaman kwalbar.
"Na masoyin nan dai ba su yi ƙarya ba."

Ban amsa ba.
Talatin da huɗu maganin hawan jininsa ne,
da burodin kwana goma.
Wani a wani ofis da ban san titinsa ba
ya sha kofi da su bai san sunanta ba.

Na rubuta kalmar dakatarwa da manyan baƙaƙe,
na miƙa masa. Shi ya danna.
Har wannan ma sai da suka cire ɗan abinsu.

Laraba na fita da asuba.
Na bar shi a kicin da kofinsa,
kujerar a juye wajen ƙofa,
rigar na rataye,
ba ta motsi.